Ashe baƙaƙen 'yan tsakin da nake kyautarwa su ne irin

Lokacin da na fara kiwon kaji saboda kalar gashi, ba saboda ƙwai ko nama ba, abu ɗaya ne ya shiga raina, wato kaza toka-toka. Kala ce kamar hadari ya haɗo da yamma, masu kiwo suna ce mata shuɗiya duk da cewa in ka ƙura mata ido ba shuɗi ba ne sosai, ruwan toka ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, kuma kowane gashi ɗaya yana da baki mai duhu kamar an bi shi an zagaye da fensir. Ranar da na fara ganin irinta a wurin wani mutum tsayawa na yi kawai ina kallo, tana tafiya rana na dukan bayanta kalar tana canjawa, wallahi daga ranar ban huta ba sai da na samu zakara ɗaya da kaji biyu duk masu wannan kalar.

Lissafina a lokacin mai sauƙi ne, toka da toka ai toka za su bayar, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na ware su a keji su kaɗai, na tara ƙwai goma sha huɗu na sa wa wata kaza mai kwanci, na zauna ƙirga kwana ashirin da ɗaya. Da asubar ranar na ji ɗan kukan nan nasu siriri, na durƙusa na ɗaga fiffiken uwar a hankali tana ta hura wuya tana saran hannuna, abin da na fara gani shi ne wani tsako baƙi ƙirin, gashinsa ko gama bushewa bai yi ba. Kusa da shi wani fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa. Sai can ƙasan ƙirjinta na hango masu ruwan tokar da nake jira. Sha ɗaya suka fito, biyar toka-toka, huɗu baƙaƙe, biyu farare.

Raina ya ɓaci sosai ba zan ɓoye ba. Na farko na ce wanda ya sayar min ya cuce ni, kajin nan ba tsantsar iri ba ne, na biyu na ce ko wani zakaran ne ya shigo ya taka su ban sani ba. Da suka ɗan tasa sai na kyautar da baƙaƙen da fararen, na bar masu tokar na sake haɗa su da suka girma, ina ganin ai yanzu na tace su. Ƙyanƙyasa ta biyu, abin da ya faru da farko shi ya sake faruwa. Ta uku ma haka. Shekara kusan biyu ina wannan zagayen, duk wanda ya zo wurina ya tafi da baƙin tsako ko fari kyauta.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar ne ya zo duba kajin wata rana, ya zagaya kejin ya duba ya duba, sai ya ce min, yaro ina 'yan'uwansu? Na ce Baba waɗanne? Ya ce baƙaƙen da fararen nan masu feshi, ai ba yadda za a yi ka samu waɗannan ba tare da su ba. Na ce Baba ai gurɓatattu ne, bayarwa nake yi. Ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, to irin ka kake bayarwa, in ka samu baƙin zakara ka haɗa shi da farar nan mai feshi ka zo ka ba ni labari. Bai ƙara komai a kai ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Na koma na roƙo farar kaza ɗaya daga cikin waɗanda na bayar, lokacin ta girma har ta fara ƙwai, farin nata ba tas ba ne, akwai ɗigo-ɗigon toka da baƙi nan da can kamar wanda aka yarfa wa tawada, shi ya sa dattijon yake ce mata mai feshi. Na haɗa ta da baƙin zakara ɗan gidan. Ƙwai tara suka ƙyanƙyashe, tara ɗin nan duka toka-toka, ko ɗaya bai kauce ba.

Daga nan ne na shiga karance-karance don in gane dalili, kuma dalilin ba wani mai wuya ba ne. Kowace siffa a jikin tsako yana karɓar ƙwayar gadonta guda biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa. Akwai wata ƙwaya da aikinta shi ne ta tsinka baƙin launi, kamar ka zuba ruwa a tawada. Tsakon da bai samu ko ɗaya ba zai fito baƙi. Wanda ya samu guda ɗaya, baƙinsa zai tsinke ya koma toka. Wanda ya samu biyu, tsinkewar ta yi yawa, sai ya koma fari mai feshi. To ka ga kenan kaza toka-toka a tsakiya take, rabi da rabi ce, ba za ta taɓa zama tsantsa ba komai yawan shekarun da ka yi kana tacewa. In ka haɗa toka da toka, a cikin kowane huɗu ana sa ran ɗaya baƙi, biyu toka, ɗaya mai feshi. In ka haɗa baƙi da mai feshi, uban ba shi da ƙwayar sam, uwar kuma dole ta ba da ɗaya, sai kowa ya tashi da guda ɗaya cif, duka toka. Toka da baƙi kuwa rabi toka rabi baƙi.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne wannan matsalar tawa tsohuwa ce, ta fi shekara ɗari. Akwai irin kajin da ake kira Andalusian, asalinsu daga kudancin Sifen, masu kiwonsu a Ingila sun yi ta fama da wannan baƙi da farin da ke fitowa. Gregor Mendel ya wallafa aikinsa a kan gadon tsirrai a 1866, aka manta da shi sai a 1900 aka sake tono shi, kuma cikin dabbobin farko da aka gwada ko dokarsa tana aiki a kansu akwai kaji. Masana kimiyya William Bateson da Reginald Punnett a jami'ar Kambirij ta Ingila su ne suka yi ta haɗa kaji suna ƙirga 'yan tsaki, har da wannan shuɗiyar ta Andalusian. Ɗan akwatin nan mai gida huɗu da ake zana wa ɗalibai a darasin gado, sunan Punnett ɗin yake ɗauke da shi. Ni dai na ji daɗi da na san cewa ilimin gadon da ake taƙama da shi yanzu, akurkin kaji yana cikin wuraren da aka raine shi.

Sai dai fa a kula, wannan ɗaya-biyu-ɗaya ɗin ba alkawari ba ne a kowace ƙyanƙyasa. Kamar jefa kwabo ne, za ka iya jefawa sau huɗu duk ya faɗi a fuska ɗaya. In ƙwai shida kawai ka sa, za ka iya samun baƙaƙe huɗu ka ce lissafin ƙarya ne, sai ka tara ƙyanƙyasa da yawa sannan adadin yake daidaita. Kuma ita kanta tokar hawa-hawa ce, wata tana yin duhu har ka ɗauka baƙa ce sai ka fito da ita rana, wata kuma ta yi haske kamar toka ta gaske. Zakarun kuma wuyansu da gadon bayansu kullum sun fi sauran jikin duhu, wannan ba aibi ba ne haka suke. Ni abin da na lura a wurina, in na daɗe ina haɗa masu haske da masu haske, bakin gashin nan mai duhu da ya sa na so kalar tun farko sai ya riƙa dushewa, shi ya sa ba na rabuwa da baƙin zakara mai kyau.

Wani abu da ya sauƙaƙa min fahimtar komai shi ne sanin cewa launi biyu ne kacal a gashin kaza, baƙi da ja. Duk kalolin nan da kake gani, ruwan zuma, ruwan goro, ruwan ƙasa, ruwan gwal, toka, daga waɗannan biyun suke, ko dai an tsinka su, ko an ƙara musu ƙarfi, ko an ce wannan ya tsaya a wuya wancan ya tsaya a bindi. Fari kuwa rashin launi ne gaba ɗaya. Shi kuma ƙyallin kore da kake gani a bindin baƙin zakara, babu wani koren launi a ciki, yadda gashin ya ginu ne yake karya haske. Ƙwayar tokar da nake magana baƙi kawai take kamawa sosai, shi ya sa in ta shiga jikin jan zakara sai ka ga jikinsa ja yana nan amma bindin da ya kamata ya zama baƙi ya koma toka, kuma gaskiya yana da kyau matuƙa.

Akwai wata tokar ta daban da ta rikita mutane da yawa, wadda ake kira labanda. A ido kamar waccan ce amma hanyar gadonta daban. Ita mai ɓuya ce, sai tsako ya samu guda biyu take bayyana, in guda ɗaya ce ba za ka ga alamar komai ba. Labanda da labanda duka 'ya'yan labanda ne, wato ita tana tsayawa tsantsa, abin da na yi ta nema a waccan ban samu ba. Amma labanda da baƙi, duka 'yan tsakin baƙaƙe za su fito, a nan ne mutum zai ce ya yi asara ya sayar da su alhali kowanne yana ɗauke da ita a ɓoye, in ka haɗa su junansu kashi ɗaya cikin huɗu zai fito labanda, in ka mayar da su kan labanda rabi. Yadda nake bambanta su shi ne labanda kalarta ɗaya ce sumul daga kai har bindi, ko a zakara wuyan ba ya duhu, kuma tana tsinka ja ma, ta mayar da shi kamar busasshiyar ciyawa. Aibinta shi ne gashin yakan yi rauni, musamman na bindi da fiffike sai ka ga ya tsattsage kamar tsohon tsumma, shi ya sa masu kiwonta suke komawa kan baƙi lokaci-lokaci don gashin ya yi ƙwari. Shawarata kar ka haɗa tokar nan biyu a keji ɗaya, in suka cakuɗe ba za ka ƙara sanin wa ke ɗauke da me ba.

Fari kuma shi ne babban mai rufa asiri. Farar kaza kamar mutum ne da ya sa farar riga, ba ka san me ke ƙasa ba. Kuma farin iri biyu ne. Akwai mai rinjaye irin na White Leghorn, guda ɗaya ta isa ta rufe baƙi, ko da yake ba ta iya rufe ja sosai, jan yakan ɓullo a kafaɗa. Akwai mai ɓuya irin na White Wyandotte da farar Silkie, wanda sai an samu biyu. Shi ya sa kaji biyu masu kala za su iya fito maka da farin tsako tas ka tsaya kana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, alhali ta yi, halin kakanni ne da ya daɗe a kwance. Haka kuma in aka haɗa farin Leghorn da farin Wyandotte, 'ya'yan farare ne, amma jikokin a cikin 16 ana sa ran 13 farare, 3 masu kala. Fari da fari ya ba da kala, wannan in ba ka san dalili ba sai ka zargi zakaran maƙwabta.

Inda abin ya fi burge ni shi ne wake-wake, masu ratsin baƙi da fari a kowane gashi irin na Barred Plymouth Rock. In ka ciro gashi ɗaya ka ɗora a tafin hannu za ka ga layi baƙi, layi fari, layi baƙi, a jere daga tushe har ƙarshe, saboda lokacin da gashin ke tsirowa launin yana zuba ne yana tsayawa yana sake zuba. Irin da gashinsu ke fitowa a hankali su ne ratsinsu yake fita tsaf kamar an ja da rula, waɗanda gashinsu ke saurin fitowa kuma ratsin yana cakuɗewa ya yi dishi-dishi. To wannan ƙwayar tana zaune ne a kan zaren gadon da ke raba namiji da mace. A kaji abin ya sha bamban da na mutane, zakara ne mai biyu iri ɗaya, ana rubuta shi ZZ, kaza kuma ZW, wato uwa ce ke yanke ko tsako namiji ne ko mace. Ƙwayar ratsin a kan Z take. Kaza Z ɗaya gare ta, kuma 'ya'yanta maza kaɗai take ba wa, matan W suke samu daga wurinta.

Ka ga abin da wannan ke nufi. In ka ɗauki kaza wake-wake ka haɗa ta da zakaran da ba shi da ratsi, misali jan Rhode Island Red, duk mazan za su gaji ratsin uwarsu, matan ba ko ɗaya. Kuma tun ranar ƙyanƙyasa ake gani, tsakon da zai yi ratsi yana fitowa baƙi da ɗan farin tabo a tsakiyar kansa kamar an ɗiga masa madara, wanda ba shi da tabon mace ce. Ranar da na fara gwada wannan na zauna da kwali biyu ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina duba ƙeya, masu tabo nan marasa tabo can, na sa musu alama, bayan wata biyu da zankaye suka fito ko ɗaya ban kuskure ba. Amma in ka juya haɗin, zakara wake-wake tsantsa da kaza mara ratsi, dabarar ta rushe, duka maza da mata za su yi ratsi. A cikin tsantsar wake-wake ma za ka lura zakaru sun fi kaji haske, saboda su biyu suke ɗauke da ita, matan ɗaya.

Da wannan bambancin na ɗaya da biyu ne Punnett da abokin aikinsa Michael Pease suka ƙirƙiro irin da ake kira Cambar a 1929, daga haɗin Barred Rock da Campine mai ruwan gwal, wanda shi ne iri na farko da ake gane namiji da mace tun ranar farko kuma abin ya ci gaba a zuriya ba sai an sake haɗa iri biyu ba. Wani irin da ake kira Legbar ya biyo baya a kan wannan hanyar. Ruwan azurfa da ruwan gwal ma a kan Z suke, azurfa ce mai rinjaye. Jan zakara da kaza mai azurfa, matan su fito ja-ja mazan fari-fari, kuma da wannan ne kamfanonin ƙyanƙyasa da yawa suke ware jajayen kajin ƙwai tun suna kwana ɗaya.

Yanzu bari in zo kan abin da ke lalata wa mutane aiki tun kafin a je ga lissafi. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta, bayan ya taka ta sau ɗaya za ta iya yin sati biyu har zuwa uku tana saka ƙwai masu ɗa. Don haka in ka ɗauko kaza daga cikin garke yau ka sa ta da zakaran da ka zaɓa gobe ka fara tara ƙwai, 'ya'yan wani kake tarawa. Ni sati huɗu nake ware ta ita kaɗai ko da 'yan'uwanta mata kafin in kawo zakaran, sannan in ba su 'yan kwanaki kafin in fara ɗauka. Kowane ƙwai ina rubuta lambar keji da kwanan wata a jikinsa da fensir, in ajiye shi tsinin yana ƙasa, kuma ba na bari ya wuce sati ɗaya zuwa kwana goma kafin a sa shi. In a injin ƙyanƙyasa ne, ranar 18 da ake daina juya ƙwai sai in sa na kowace uwa a cikin 'yar jakar raga daban, domin in suka fito suka cakuɗe a tire shi kenan ka rasa wane ɗan wace ne. Suna bushewa zan sa musu ɗan zoben roba mai kala a ƙafa, in riƙa canjawa suna girma don kar ya matse su. Sannan littafi. Ina da littafi guda da nake rubuta uba, uwa, ƙwai nawa, nawa suka fito, kalar kowanne ranar farko, da kalarsa a wata shida, ina haɗawa da hoto a waya. Duk abin da na sani game da abin da kajina ke ɓoyewa, daga littafin nan na san shi, ido kaɗai bai isa ba.

Kuma kar ka yi saurin yanke wa tsako hukunci. Gashin jarirtaka daban, na ƙuruciya daban, sai sun sake gashi sau da yawa kafin na girma ya zauna wajen wata biyar zuwa shida. Na sha ganin baƙin zakara da ya taso baƙi sumul, sai da ya fara cara sannan ja ya fara tsattsafowa a wuyansa da kafaɗarsa, in da na yi gaggawar haɗa shi da ya watsa min wannan jan a zuriya gaba ɗaya. Masu ɗigon fari a ƙarshen gashi irin Ancona da Speckled Sussex kuma nasu sha'anin daban ne, ƙwayar mai ɓuya ce, kuma farin ƙaruwa yake yi duk lokacin da suka sake gashi. Sagarar da ta yi cif-cif a shekarar farko, zuwa shekara ta uku farin ya yi mata yawa, wadda kake ganin ɗigonta bai isa ba ita ce za ta zo daidai daga baya.

Wanda ya fi kowanne wuya a ganina shi ne zagayayyen gashi, inda tsakiyar gashin fari ne ko ruwan gwal, bakinsa kuma baƙin layi siriri ya kewaye shi tsaf kamar ɓawon kifi. Wannan ba ƙwaya ɗaya ke yin sa ba, sai guda da yawa sun haɗu a jiki ɗaya, shi ya sa in ka haɗa irin wannan da wata kaza daban sau ɗaya kawai zanen yake wargajewa, sai ka ga rabin zagaye, ko ɗigo, ko tsakiyar ta yi datti, kuma dawo da shi sai an yi zuriya bayan zuriya. Sir John Sebright a Ingila ya kwashe shekaru masu yawa a farkon ƙarni na 19 kafin ya tsayar da 'yar ƙaramar kazar da ke ɗauke da sunansa, kuma zakarunta gashin mata gare su, ba su da dogon gashin wuya mai tsini ko lanƙwasasshen bindi, don haka zanen yake fita a ko'ina. Wyandotte mai zagayen azurfa kuma a Amurka aka fito da ita, aka amince da ita a matsayin iri a 1883. Ni har yanzu kallo nake yi ina sha'awa, kejina bai kai yawan da wannan aikin yake buƙata ba.

Akwai inda na yi kuskuren da ya fi na kyautar da 'yan tsaki ciwo. Na taɓa samun wani zakara toka wanda ban taɓa ganin mai kyan zanensa ba, amma ƙirjinsa siriri ne, in ka ɗaga shi ba nauyi. Na rufe ido saboda kalar, na haɗa shi da 'ya'yansa, na sake haɗa jikokin da shi. A zuriya ta uku ƙwai suka fara ƙin fashewa, in ka fasa ka ga tsako ya cika ya mutu a ciki, waɗanda suka fito wasu yatsunsu a karkace, ɗan sanyi kaɗan ya kwantar da su. Na tsaya a kan wasu da na kwashe da safe guda uku, kalarsu daidai abin da nake mafarki, amma ba rai, abin ya tsaya min a zuciya har yau. Haɗa dangi na kusa yana tsayar da kala da sauri, wannan gaskiya ne, amma yadda yake tattaro kyakkyawan da ke ɓoye haka yake tattaro mummunan. Yanzu kafin in dubi gashi sai na ɗaga kaza na ji nauyinta, na shafa ƙirji, na duba ƙafa da ido da baki, na tuna yadda uwarta take ƙwai. Wadda ta faɗi a nan ba ta shiga kejin iri ko da zanenta ya kai na zane.

Masu son fingi ma su ji wannan. Ƙwayar da ke murɗe gashi hanyar gadonta irin ta tokar farkon nan ce, ba ta labanda ba, guda ɗaya tana ba da fingi mai kyau, guda biyu kuma gashin yana zama siriri mai karyewa, kazar ta yi ta yawo rabin jikinta a waje, sanyi ya dame ta rana ta dame ta. Fingi da fingi kashi ɗaya cikin huɗu haka za su fito. Ka haɗa fingi da mai kwantaccen gashi, rabi za su yi fingi lafiya lau, babu wanda ya wahala.

Wani lokacin kuma laifin ba na gado ba ne sam. Rana mai zafi tana ƙona baƙin gashi ya koma ruwan ƙasa, tana sa fari ya yi ɗorawa-ɗorawa musamman a wuyan zakara, don haka inuwa dole ce. Gashi kusan duk furotin ne, kazar da abincinta ya gaza lokacin sake gashi sabon zai fito a bushe ba ƙyalli, wani har da layin rauni a jikinsa. Ƙwarƙwata da ƙuma su ma suna lalata shi. Kafin ka cire kaza daga iri saboda kalarta ta dushe, ka jira ta sake gashi a inuwa da abinci mai kyau ka gani.

Sannan tun kafin ka sa ƙwai ka san inda za ka kai sauran, domin kusan rabin abin da zai fito zakaru ne, kuma a cikin duka ƙalilan ne za su cancanci komawa kejin iri. Zakaru in suka balaga a wuri ɗaya faɗa ne da fige-fige, gashin da ka sha wahala a kansa a nan zai ƙare. Wanda zan ba wa ko in sayar wa kuma ina faɗa masa gaskiyar abin da kazar ke ɗauke da shi, in baƙa ce mai ɓoye labanda in ce masa, in toka ce in gaya masa tun wuri cewa zai ga baƙi da fari a 'ya'yanta kar ya ce na cuce shi, tunda ni ma na taɓa zargin bawan Allah a kan abin da ba laifinsa ba ne.

A yanzu keji uku nake da su na wannan aikin. Na farko baƙin zakara ne mai ƙyallin kore da faffaɗan ƙirji wanda na kawo daga wani jini daban, tare da kaji uku masu feshi, jikokin waccan da na je na roƙo. Na biyu toka da toka ne, don in ci gaba da samun baƙaƙe da masu feshi na gaba. Na ukun sagaru ne da nake jira su cika wata shida kafin in zaɓa. Ƙwai goma sha shida na kejin farko suna cikin inji yau kwana goma sha bakwai, jiya da dare na haska su da tocila biyu ba komai a ciki na cire, sauran sha huɗun sun yi duhu sun cika sai ɗan sararin iskan da ke sama. Gobe zan daina juyawa, in ƙara ruwa a tiren, in sa su a jakunkunan raga kowace uwa da nata.